Yaron da Ba Ya Waiwayowa: Tarihin Neman Magani a Ƙasar Bimbilla

Tsohuwar hanyar fatake wadda ta taso daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja ta bi ta Yendi kafin ta faɗa kasuwar Salaga, inda ake sayen goro. A bakin wannan hanya Hausawa suka kafa zango-zango, har harshensu ya zama harshen ciniki tsakanin Dagomba, Nanumba, Gwanjawa da Konkomba. Bimbilla, babban garin Nanumba kuma gidan doya, tana tsakanin Yendi da Salaga. Bawku kuwa tana can kusurwar arewa maso gabas, kusa da iyakar Burkina Faso da Togo. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar goro, amma zangunan suna nan, Hausa kuma tana nan a kasuwa, a tasha, da cikin sujadar waɗansu ikkilisiyoyi.

A cikin waɗannan garuruwa, kamar ko'ina a duniya, akan haifi wani irin yaro wanda ke ɗaure wa iyayensa kai. Yakan zo da lafiyarsa, ya sha nono, ya yi rarrafe, ya yi tafiya a kan kari. Sai wajen lokacin yaye uwa ta lura cewa in ta kira sunansa ba ya waiwayowa, alhali kuwa ƙarar buɗe ledar biskit daga ɗaka takan fito da shi a guje. Ba ya duban ido. Ba ya nuna abu da yatsa domin wani ya gani tare da shi. Wani ba ya magana sam, wani kuma ya fara kalma biyu ko uku sa'an nan su ɓace, wani yakan maimaita abin da aka faɗa masa kamar aku. Yakan jera murafun kwalba a layi ɗaya, in aka taɓa guda sai kuka da birgima. Ƙarar injin niƙa ko gangar coci takan sa ya toshe kunnuwansa. Wannan hali shi ne likitoci ke kira otizim, kafofin labarai na Hausa kuma sukan ce galahanga, ko da yake kalmar nan akan yi amfani da ita ga waɗansu larurori dabam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa kimanin yaro 1 cikin 100 yana da shi, kuma an fi gane shi a wurin maza.

Kafin sunan likita ya iso, jama'a suna da nasu sunayen. In yaron shiru-shiru ne, a ce bebe ko dolo. In mai fushi ne, a ce iska ta shafe shi, ko an yi wa gidan sammu. Waɗansu tsofaffi sukan ɗora laifin a kan uwa, su ce ta yi kwanika, ko ta fita da ciki da tsakar rana, ko ta yi wanka a rafi da magariba. Mafi nauyi duka shi ne a kira shi ɗan ruwa, wato aljanu sun musanya ɗan mutum da nasu. Akan na kudu suna da irin wannan magana ta ɗan kogi, a ƙasar Kasena da Nankani kuma, wajen Navrongo da Sirigu, an daɗe da al'adar ɗaukar waɗansu jarirai a matsayin ruhohin jeji waɗanda suka zo hallaka gida, har akan kira mai haɗa magani ya ba su abin da zai kashe su. Yawancin waɗanda abin ya fi faɗa wa masu naƙasa ce ta jiki wadda ake gani tun haihuwa, ko waɗanda uwarsu ta mutu wajen haihuwarsu. Mai otizim ba a gane shi a jariri, saboda haka nasa hukuncin yakan zo daga baya, ta hanyar kulle a ɗaki, ko igiya a ƙafa, ko yawo daga boka zuwa malami zuwa mai addu'a. A watan Afrilu na 2013, bayan aikin shekaru na ƙungiyar AfriKids, sarakunan waɗansu garuruwa na yankin Kasena da Nankani suka yi shela a bainar jama'a cewa sun daina wannan al'ada.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa Turawa sun daɗe da gane wannan abu. Sai a 1943 ne Likita Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya buga bayanin yara 11 masu wannan hali, ya ce larura ce mai zaman kanta. A 1944 Hans Asperger ya bayyana irinsu a birnin Biyana, tun a 1925 kuma wata likita a ƙasar Rasha, Grunya Sukhareva, ta riga su, amma ba a kula da rubutunta ba. Abin da ya biyo baya bai fi zargin tsofaffin zango kyau ba. Masana suka ce sanyin zuciyar uwa ne ke sa yaro ya rufe kansa, Bruno Bettelheim kuma ya yaɗa wannan ra'ayi cikin littafinsa na 1967, har aka riƙa raba yara da iyayensu da sunan magani. Binciken tagwaye da Susan Folstein da Michael Rutter suka buga a Ingila a 1977 ya nuna cewa gado yana da babban hannu a ciki. Yau an san cewa bambanci ne na yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun daga ciki, ba laifin reno ba ne. Wani likita a Ingila ya ɗora abin a kan allurar rigakafin ƙyanda a 1998, aka bincika aka tarar da maguɗi a aikinsa, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, aka kuma hana shi aikin likita. Jita-jitar dai ta fi gyaran gudu.

Labarin yaro na farko cikin goma sha ɗayan Kanner ya cancanci a tsaya a kansa, gama ɗan ƙaramin gari ne na manoma. Sunansa Donald Triplett, an haife shi a 1933 a garin Forest na jihar Mississippi. Yana ɗan shekara uku da wani abu aka kai shi gidan ajiye yara na gwamnati bisa shawarar likitoci, a can ya ƙara shiga cikin kansa, sai iyayensa suka ɗauko shi bayan kimanin shekara guda. Daga baya ya zauna waɗansu shekaru a gona wurin wani manomi da matarsa. Mutanen nan suka lura cewa yaron yana son ƙidaya, maimakon su hana shi sai suka sa shi ya riƙa ƙirga kunyoyin masara yana noma su. Ya yi makaranta, ya yi aiki a bankin garinsu, ya koyi tuƙin mota, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Ba kowane mai otizim ne zai kai inda ya kai ba, domin larurar tana da mataki-mataki, waɗansu kuma za su bukaci mai kula da su muddin ransu. Amma babu ƙwaya ko allura cikin abin da ya taimake shi.

Game da Afirka, an yi zamanin da waɗansu masana ke cewa otizim ciwon ƙasashe masu masana'antu ne. Victor Lotter, wanda ya fara ƙidayar masu larurar a Ingila a 1966, ya zaga waɗansu ƙasashen Afirka, har da Gana da Najeriya, ya duba yara fiye da 1,300 a wuraren kula da masu raunin hankali, ya buga sakamakon a 1978. Ya sami masu otizim, da alamu iri ɗaya da na yaran Ingila, ko da yake kaɗan ne. Ƙarancin ba abin mamaki ba ne. Ya duba waɗanda aka kai makarantu da asibitocin birane ne, yaron da ke ɗaure a bayan rumbu kuwa ba ya cikin rajistar kowa.

Dalilin da ya sa ba ya cikin rajista yana cikin tarihin asibiti a arewacin Gana. Gwamnatin mulkin mallaka ta Ingila ta ɗauki arewa wurin samun leburori domin ma'adinai da gonakin koko na kudu, ba ta kashe kuɗi sosai a kan makaranta ko asibiti a can ba. Yawancin abin da aka samu ta hannun mishan ya zo. Fada-fada na Katolika suka sauka Navrongo a 1906. Lloyd Shirer da matarsa Margaret, na Assemblies of God, suka iso Yendi daga ƙasar Mosi a 1931. Asibitin Bawku ya koma hannun Ikkilisiyar Presbyterian a 1956, ya kuma yi suna wajen aikin ido har mutane suna zuwa daga Togo da Burkina Faso. Likita George Faile na Baftis ya buɗe asibitin Nalerigu a 1958. A Bimbilla kanta, Ikkilisiyar Evangelical Presbyterian ta kafa kwalejin horon malamai a 1962. Waɗannan wurare sun fuskanci abin da ke kashe mutane a gaban idonsu: zazzaɓin cizon sauro, ƙyanda, sanƙarau, saran maciji, naƙuda mai gardama. Likita ɗaya mai layin mutum ɗari a ƙofarsa ba shi da zarafin zama awa guda yana kallon yadda yaro ke wasa, alhali kuwa da haka ake gane otizim, gama babu gwajin jini ko hoton da ke nuna shi.

Makarantun naƙasassu ma sun bi abin da ido ke gani. Makarantar makafi ta Akropong ta fara a 1945. Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka, kurma kuma ɗan mishan, ya buɗe makarantar kurame a Akara a 1957, daga baya ta koma Mampong. Arewa ta sami nata makarantun kurame a Wa, da Savelugu kusa da Tamale, da Gbeogo kusa da Bolgatanga. Yaron da ba ya magana, ba ya amsa kira, hanyar da ta fi kusa ita ce a ce kurma ne. Amma kurma yakan kafa wa mutum ido, ya yi nuni da hannu, ya nemi abokan wasa, abubuwan da suka fi yi wa mai otizim wuya ke nan. Asibitocin masu taɓin hankali kuwa, na Akara da aka buɗe a 1906, na Ankaful a 1965, da na Pantang a 1975, dukansu suna bakin teku, kimanin kilomita 600 daga Tamale, kuma an gina su domin manya ne. Har zuwa 2020 su uku ɗin ne kaɗai na gwamnati a ƙasar.

A farkon 1994 faɗa ya tashi a kasuwar Nakpayili kusa da Bimbilla, ya zama yaƙin da ake kira na zabo, tsakanin Konkomba a gefe ɗaya da Nanumba, Dagomba da Gwanjawa a ɗaya gefen. Aƙalla mutum 2,000 suka mutu, aka ƙone ɗaruruwan ƙauyuka, malamai da ma'aikatan jinya da yawa suka gudu. Shekara uku bayan haka annobar sanƙarau ta ratsa arewa, ta bar yara da dama da kurumta da lalacewar ƙwaƙwalwa, abin da ya ƙara cakuɗa sha'anin yaran da ba sa magana.

A cikin waɗannan shekaru ne, a 1998, wata uwa mai suna Serwah Quaynor, wadda ta komo daga Amurka da ɗanta mai otizim ta rasa makarantar da za ta karɓe shi, ta kafa cibiyar da aka sani da AACT a Akara. Ita ce wuri na farko a Gana da aka keɓe domin wannan larura, kuma uwa ce ta kafa ta, kamar yadda iyaye ne suka kafa ƙungiyoyin farko a Ingila da Amurka a shekarun 1960. Dokoki suka biyo baya: dokar naƙasassu ta 2006, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012, da manufar 2015 wadda ta ce a koyar da yara masu naƙasa a makaranta ɗaya da sauran yara. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ranar 2 ga Afrilu ta zama ranar tunawa da otizim tun daga 2008. A Tamale aka sami makarantar Yumba domin yara masu raunin fahimta. Amma gwanayen aikin sun yi jinkirin zuwa. Sai a 2016 Jami'ar Gana ta fara horar da masu gyaran magana a cikin gida, kafin lokacin kuwa waɗanda ke ƙasar duka ana iya ƙirga su da yatsun hannu, kusan dukansu a Akara. A 2024 hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta shigar da cututtukan ƙwaƙwalwa guda huɗu cikin abin da take biya, otizim ba ya cikinsu.

To, mene ne maganin da ake nema har Akara? Babu ƙwayar da ke warkar da otizim. Akwai maganin farfaɗiya, wadda takan zo tare da shi a wurin yara da dama, akwai kuma magunguna irin su risperidone da likita kan bayar in fushi da dukan kai sun yi tsanani, su ma suna da illa, ba a shan su da ka. Ainihin aikin koyarwa ce. Ana koya wa yaro ya roƙi ruwa da hoto ko da alamar hannu in baki ya ƙi, ya jira layinsa a wasa, ya ci abinci da kansa, ya je bayan gida, ya sa riga. Ana raba kowane abu ƙanana-ƙanana, a maimaita, a yaba masa nan take in ya yi daidai. Ana kiyaye tsarin yini domin ya san abin da ke zuwa. Ana lura da abin da ke tayar masa da hankali, ko ƙara ce, ko cunkoso, ko wata riga mai ƙaiƙayi. Ana so a fara da wuri, tun yana shekara biyu ko uku, a kuma yi ta yi kowace rana. Iyalin da suka sayar da doyar shekara suka kai yaro Akara za su iya komowa da sunan larurar a takarda, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, domin yakan sauke wa uwa zargi. Amma awa ɗaya a gaban gwani sau ɗaya a shekara ba ta koya wa yaro kome.

Saboda haka abin da ya fi dacewa da wannan larura cikin tarihin arewa ya fito ne daga wani wuri da ba a zata ba, wato Garu, kudu da Bawku. A shekarun 1970, sa'ad da ƙudan bakin kogi ya makantar da manoma da yawa a kwarin Volta, Ikkilisiyar Presbyterian tare da mishan ɗin makafi na CBM suka fara koya wa makafi noma. Maimakon a tara su a gida ɗaya, ma'aikaci ne ke hawa keke ko babur ya same su a gidajensu, ya koya musu tare da danginsu. Da tafiya ta yi tafiya aikin ya faɗaɗa ya haɗa guragu, kurame, masu farfaɗiya da masu taɓin hankali, aka kuma yi irinsa a Sandema. Gwamnati ma ta bi wannan sawu ta wata fuska: gwajin da aka fara a Navrongo a 1994, na zaunar da nas a cikin ƙauye tana zaga gidaje, shi ya zama tsarin CHPS na ƙasa duka. Ƙungiyar BasicNeeds ta fara aiki daga Tamale a 2002, tana haɗa masu taɓin hankali da farfaɗiya da masu jinyarsu cikin ƙungiyoyin taimakon juna, Kwalejin Lafiya ta Kintampo kuma ta horar da jami'an lafiyar ƙwaƙwalwa domin gundumomi. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da aka kafa domin otizim. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya, bayan ƙudurin da babban taronta ya zartar a kan otizim a 2014, ta tsara wani shiri na horar da iyaye, wanda aka gwada a Habasha da Kenya, siffarsa kuwa ita ce ta Garu: ma'aikacin da ba likita ba ne yana tara iyaye rukuni-rukuni, yana kuma ziyartar gida, yana nuna wa uwa yadda za ta mai da wanka da cin tuwo su zama darasi.

Ikkilisiya tana da fuska biyu cikin wannan labari. A Sang, kan hanyar Tamale zuwa Yendi, Sista Stan Mumuni ta Katolika ta buɗe gidan Nazarat a 2009 domin yaran da danginsu suka ƙi da sunan ruhohi ne, har da waɗanda laifinsu shi ne rashin magana. A Tamale Likita David Abdulai, wanda ya rasu a 2016, ya yi shekaru yana ciyar da masu taɓin hankali na kan titi daga asibitinsa na Shekhinah. A ɗaya gefen kuma, rahoton ƙungiyar Human Rights Watch na 2012 ya nuna yadda ake ɗaure marasa lafiya da sarƙa a jikin itatuwa a waɗansu sansanonin addu'a na kudancin ƙasar, ana tilasta musu azumi na kwanaki, har da yara. Hukumar lafiyar ƙwaƙwalwa ta yi shelar hana ɗaurin a 2017. Yaron da ƙara ke azabtar da shi, in aka kewaye shi da ihu da ganguna ana tsauta wa aljani, zai yi kururuwa ya yi birgima, masu kallo kuwa su ɗauki wannan shaida ce cewa aljanin yana nan. Fasto ko limamin da ya ce wa uba ya je a gwada kunnen yaron tukuna ya yi wa gidan aikin da ya fi na mako guda a sansani.

Ga iyalin da ke Bimbilla, matakan da tarihin nan ya bari su ne waɗannan. Nas ta awon jarirai ita ce ta fi kowa ganin yaro a shekarunsa na fari, daga wurinta sai asibitin gari, inda za a duba ko akwai farfaɗiya ko tarihin sanƙarau da zazzaɓi mai taɓa ƙwaƙwalwa. Daga nan takardar turawa zuwa Yendi, kimanin kilomita 70, ko Asibitin Koyarwa na Tamale, kusan kilomita 100 gaba da Yendi, domin gwajin ji da ganin likitan yara. Mutumin Salaga Tamale yake nufa kai tsaye. Na Bawku kuwa, tun da rikicin sarauta ya sake tashi a ƙarshen 2021, dokar hana fita da haɗarin hanya sun sha sa tafiyar Bolgatanga ta zama abin tunani. Ofishin jin daɗin jama'a na gunduma yana rajistar naƙasassu domin kason da aka keɓe musu cikin kuɗin gundumomi, ofishin ilimi kuma shi ke da alhakin ganin makaranta ba ta kori yaro saboda halinsa ba.

Akwai kuma batun harshe, wanda ba a cika ambatonsa ba. Takardun gwajin da likitoci ke amfani da su an tsara su da Turanci ne, bisa wasan yaran Amurka da Ingila, gwanayen da aka horar a Akara kuma yawancinsu Turanci da harsunan kudu suke ji. Yaron zangon Bimbilla yana jin Hausa a ɗaka, Nanumbanci a ƙofar gida, Konkombanci a kasuwar doya. An taɓa ba iyaye shawara su tsaya ga harshe ɗaya, sau da yawa Turanci, wai kada yaron ya ruɗe. Binciken da aka yi daga baya a kan yara masu otizim a gidaje masu harshe biyu bai nuna cewa yawan harshe yana ƙara musu jinkirin magana ba, shawarar da masana ke bayarwa yanzu ita ce uwa ta yi wa ɗanta magana da harshen da ta fi sakewa a cikinsa, ko da gwanin da ya tsara darasin bai ji ko kalma ɗaya a ciki ba.